Yini Guda a Garwa

Shekara goma sha tara ina ratsa Garwa da dare,
albasa a baya, barci a ido.
Abin da na sani nata bai wuce tocilar jandarma ba,
da ramin nan na bayan gada
da ke gaisawa da ƙashin bayana.

Jiya famfon mai ya ce ya gaji.
Bakanike ya leƙa, ya goge hannu a cinya,
ya ce sai an aiko daga Ngaundare, sai gobe.
Goben bakanike kuwa, kowa ya san tsawonta.

Na wayi gari ba sitiyari,
hannuwana suka rasa wurin zama.
Wani ɗan acaɓa, Hammajoda,
da hular ulu a wannan zafi,
ya ce sefa dubu uku, ya nuna mini garinsu kaf.
Na ce biyu. Ya yi dariya. Na hau.

Ashe garin da bishiyoyi!
Dogon yaro layi-layi, sun haɗa kai bisa titi
kamar dattawa na gulmar rana.
Ashe katangar da nake wucewa shuɗiya ce.

A babbar kasuwa na sha kunun gyaɗa
da burodi dogo, ka ce sandar makiyayi.
Mai atamfa ta tare ni da Faransanci,
ta sako Fulatanci,
da ta ga na yi zuru
ta ce, "Alhaji, kai dai zaro kuɗin."
Na saya wa Hansatu turmi mai zanen kifi,
na san za ta ce an cuce ni,
na san za ta ɗaura ran Juma'a.

A gidan namun daji zaki ya juya mana ƙeya.
Na gane kwanciyar:
ta direba ce da aka ƙwace wa makulli.
Ban daɗe a wurin ba.

A filin ƙwallo Hammajoda ya kashe babur,
ya tuɓe hula, ya nuna mini kujeru ba kowa,
ya ba ni labarin wata ƙwallo da ya kusa ci
yana ɗan sha shida,
har ƙafarsa ta dama tana motsi.

Azahar a babban masallaci.
Daɓen da sanyi, fanka na juyi a hankali,
barci ya sace ni tsakanin tasbihi da tasbihi,
ban yi mafarkin taya ba.

Da la'asar muka gangara Binuwai.
Masu wanki sun shanya wa yashi launi,
samari na tura kwale-kwale cike da rairayi,
ruwa na lasar bakinsa.
Wani tsoho mai saƙar koma, Baba Njidda,
ya nuna da haɓa: ga su can.
Na ga duwatsu.
Sai dutse ya kaɗa kunne,
ya yi atishawa, ya buɗe baki
faɗin bonet ɗin motata.
Dorina! Shekara goma sha tara
tana ƙarƙashin tayoyina tana hamma.

Daga nan ƙasa na ɗaga kai na ga gadar,
cikinta duk sheƙar tsattsewa.
Wata tirela ta hau, ƙarfe ya amsa,
direban ya kafa ido a kwalta,
gwiwar hannu a taga, irin tawa.
Na ɗaga masa hannu.
Bai gani ba.

Muka ci giwan ruwa gasasshe a takardar siminti,
yaji ya sa mu hawaye ni da Hammajoda,
na cika masa dubu ukunsa.

A gareji bakanike na jira, baki har kunne,
famfo a hannu, sabo, da maiƙonsa.
Ya ce yanzu-yanzu zai ɗaura, in kama hanya da dare.
Na ce masa albasa ba ta gaggawa,
ya bari sai rana ta fito.